Salka da Rijiya: Man Ajiya da Filin Ko-ta-kwana a Tafiyar Jirgin Sama

Wata Janairu ce, hazo ya sauka sosai, na taso daga Legas zuwa Kano a jirgin la'asar. Tun muna tsakiyar hanya ƙasa ta ɓace mana. In ka leƙa ta taga ba gari ba daji, sai wani fari-fari mai ruwan toka, rana kuwa ta koma kamar faifai, kana kallonta ido da ido ba ta kashe maka gani. Da muka iso sararin Kano sai na ji jirgin ya karkata, ya miƙe, ya sake karkata. Kewaye muke yi. Muka ɗauki kamar minti ashirin a haka, sannan kyaftin ya yi magana. Ya ce ganin hanya a filin Malam Aminu Kano ya faɗi ƙasa da abin da doka ta yarje masa ya sauka da shi, ya jira iyakar abin da zai iya jira, yanzu Abuja za mu nufa.

Dattijon da ke kujerar kusa da ni, wanda za a ɗaura wa jikarsa aure washegari, ya yafito ma'aikaciyar jirgin. Ya ce, "'Yata, man ne ya ƙare?" Ta rusuna ta ce, "A'a, Baba, akwai mai." Ya ce, "To in akwai mai, me zai hana a ƙara haƙuri kaɗan? Ga Kano nan a ƙarƙashinmu." Ta ba shi haƙuri ta wuce. Shi kuwa ya zaro carbi yana ja, yana duban taga.

Tambayar dattijon nan ba ta wauta ba ce, kuma ita ce ta sa na shiga bin diddigin yadda ake tsara tafiyar jirgi. Abin da na tarar shi ne, duk jirgin fasinja da zai tashi yana dogara ne da kariya iri biyu idan inda ya nufa ya ƙi karɓarsa. Ta farko ita ce man da ya ɗauka fiye da abin da tafiyar za ta ci. Ta biyu ita ce wani filin dabam da aka rubuta sunansa tun kafin tashi, wanda za a karkata zuwa gare shi, wato filin ko-ta-kwana. Mutane da yawa suna ɗaukar su abu ɗaya, tun da ba a isa filin sai da mai. Ni dai ina ganin halinsu ya bambanta ƙwarai, har wani lokaci ɗaya yakan ci ɗaya.

Fataken da ke ratsa Tenere daga Agadas zuwa Fachi da Bilma ɗaukar gishiri sun san wannan lissafi tun kafin a ƙera jirgi. Madugu yana da salka a jikin raƙumi, yana kuma da rijiya a ransa. Ruwan salka naka ne, ba mai hana ka sha, amma yana da iyaka, kuma raƙumi ne ke ɗaukar nauyinsa, duk salkar da aka ƙara ta rage kayan fatauci. Rijiya ba ta da nauyi ko na ƙwayar gero, ruwanta ya ninka na salka, sai dai ba a hannunka take ba. Kana iya isa ka tarar ta ƙafe, ko rairayi ya binne ta, ko wani ayari ya riga ka ya tsotse ta. Kuma babban kuskuren madugu shi ne ya zauna bakin busasshiyar rijiya yana jiran ta tsatso, yana shan ruwan da zai kai shi ta gaba.

Bari mu fara da salka. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, mai mazauni a Montiriyal ta Kanada, ta tsara yadda ake lissafin mai a kundi na shida na ƙa'idojinta, kuma a kansa hukumomin ƙasashe irin su NCAA ta Nijeriya suka gina nasu dokokin. Ba a cewa kawai a cika tanki. Kashi-kashi ake lissafa shi, kowane kaso da sunansa da aikinsa. Akwai man da za a ƙona a ƙasa kafin a tashi. Akwai man tafiyar kanta, daga tashi har sauka. A kan wannan ake ɗora kashi 5 cikin ɗari na man tafiya saboda abin da ba a zata ba, kamar iska ta juyo gaba da jirgi ko masu kula da sararin sama su hana shi tsayin da ya nema, kuma wannan kaso ba zai gaza man shawagin minti 5 ba. Sai man zuwa filin ko-ta-kwana, wanda ake lissafawa tun daga inda jirgi ya fasa sauka ya sake ɗagawa, ya hau, ya yi tafiyar, ya gangaro, ya sauka a can.

A ƙarƙashin duka akwai ajiyar ƙarshe. Ga jirgi mai injin jet, man shawagin minti 30 ne a tsayin ƙafa 1,500 sama da fili. Ga ƙananan jirage masu injin fistan, minti 45. Wannan ba man kashewa ba ne. Doka tana so jirgi ya taɓa ƙasa da shi cif a tanki. Idan matuƙi ya lissafa ya ga zai sauka da ƙasa da shi, wajibi ne ya furta "Mayday" sau uku ya ƙara da kalmar "fuel", a buɗe masa hanya kowa ya kauce. Kafin a kai can akwai wata sanarwa mai sauƙi, "minimum fuel", wadda ke nufin ya riga ya ɗaure kansa da fili ɗaya, duk wani ƙarin jinkiri zai taɓa ajiyarsa. ICAO ta daidaita waɗannan kalmomi a 2012, bayan an daɗe ana asarar rayuka saboda matuƙi ya faɗi wata kalma mai kula da hasumiya ya fahimci wata. Daga ƙarshe akwai abin da kyaftin yake ƙarawa da ra'ayin kansa, in ya duba yanayi zuciyarsa ba ta kwanta ba.

A ƙiyasce, ga yadda abin yake ga jirgi irin Boeing 737-800, wanda ke shan wajen kilo 40 na mai a minti. Daga Legas zuwa Kano, kilomita 800 da ɗoriya, man tafiya zai kai kilo 3,300 ko kusa da haka. Idan Abuja ce ko-ta-kwana, a sa mata wajen kilo 1,800. Ajiyar ƙarshe wajen 1,200. Ke nan jirgin da ke kewaya Kano dole ya juya tun yana da kilo 3,000 a tanki. Idan ya iso da 4,000, rarar 1,000 ɗin nan ita ce haƙurinsa duka, kimanin minti 25. Ma'aikaciyar nan gaskiya ta gaya wa dattijo, akwai mai, tan uku cur. Amma man yana da mai shi. Na Abuja ne da na ajiya, babu ɗigon da ya rage na jiran Kano.

Rijiya kuma dokarta dabam. Filin ko-ta-kwana iri uku ne. Akwai na tashi, don in inji ya lalace jim kaɗan bayan ɗagawa alhali yanayin inda aka taso bai yarda a komo ba; ga jirgi mai inji biyu, kada ya wuce tafiyar awa ɗaya da inji guda. Akwai na kan hanya, wanda ya fi damun masu ƙetare teku da hamada. Sai na inda aka nufa, wanda shi ne ya shafe mu a ranar. Ba kowane fili ke cancanta ba. Sai hasashen yanayinsa ya nuna zai saukar da jirgi a daidai lokacin da za a iya isa, har da rata gaba da baya, kuma ma'aunin da ake yi masa ya fi na filin da aka nufa tsanani, domin shi ne madogara. Idan hasashen inda aka nufa ya riga ya nuna ba za a iya sauka ba, fili biyu ake rubutawa. A Amurka suna da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: in daga awa ɗaya kafin isa zuwa awa ɗaya bayansa gajimare zai kasance sama da ƙafa 2,000, gani kuma ya kai mil 3, ana iya tafiya ba tare da ko-ta-kwana ba. A tsarin ICAO ana duba har da yawan titunan sauka, domin fili mai titi ɗaya, mota guda ko jirgi guda da taya ta fashe masa ya isa ya rufe shi. Abuja titi ɗaya gare ta. Da aka rufe shi don gyara a Maris na 2017, mako shida jiragenta suna sauka a Kaduna.

Inda bambancin biyun ya fi fitowa fili shi ne a irin matsalar da kowanne yake magancewa, kuma yanayin ƙasarmu ya ishe mu misali. Mai lokaci yake ba ka. Fili kuwa wuri yake ba ka. Hadarin damina abu ne mai wucewa. Yakan taso daga gabas da guguwa da tsawa, ya tsaya kan gari rabin awa ko awa guda, ya yi yamma abinsa. Matuƙin da ya ɗauko rarar mai yana iya ja gefe ya jira, hadari ya wuce, ya sauka a kan jiƙaƙƙen titi lafiya. A nan tan ɗaya na ƙari ya fi komai amfani, yana hana karkata da ɓata wa mutane dare.

Hazo ba haka yake ba. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, ba ta zuwa don ta wuce cikin awa guda. Takan zauna kwana biyu, uku, har fiye, kuma ba gari ɗaya take rufewa ba. Ranar da ta kama Kano, da wuya ka tarar Katsina ko Damagaram ko Maiduguri a buɗe, Kaduna ma sau da yawa tana ciki. Na'urar ILS ta matakin farko, wadda ke jagorantar jirgi zuwa bakin titi, tana buƙatar gani na mita 800, ko 550 in an auna a kan titin kansa, kuma matuƙi ya hango fitilu tun yana ƙafa 200 sama da ƙasa. In hazo ya mayar da gani mita 300, ko tankar mai aka ɗaura wa jirgi ba zai jira har ya washe ba. Abin da zai cece shi kawai shi ne wani wuri da ke wajen wannan hazon. Shi ya sa rubuta Katsina a matsayin ko-ta-kwanar Kano a tsakiyar hunturu, don kawai tana kusa kuma ba ta cin mai, yana iya cika sharaɗin takarda amma bai cika na hankali ba. A Fabrairun 2020 hazo ya gangara har Legas a daidai lokacin da na'urorin saukar filin ba su gama daidaituwa ba, manyan jiragen ƙasashen waje suka yi ta karkata zuwa Akara ta Gana. Ƙetare iyaka suka yi kafin su sami rijiya mai ruwa.

Kuma sunan fili a takarda bai isa ba. Filayenmu da dama a Arewa ba sa aiki bayan faɗuwar rana, ko don rashin fitilu ko don ma'aikata sun tashi. Fili yana iya zama a buɗe amma na'urar da ke nuna wa jirgi hanya ta mutu, ko motar kashe gobara ba ta kai matakin girman jirgin ba, ko babu man da za a sake zuba masa. Duk wannan yana cikin sanarwar da ake kira NOTAM, wadda jami'in tsara tafiya da kyaftin suke karantawa kafin tashi, kuma amfaninta ya dogara ga wanda ya rubuta ta ya faɗi gaskiya a kan lokaci. A Yunin 1991 wani jirgin Okada Air ƙirar BAC 1-11 da ya nufi Kano ya karkata zuwa Sakkwato saboda rashin kyawun yanayi. Ya isa sararin Sakkwato, amma bai samu sauka ba har man ya ƙare, ya faɗi a wajen gari, aka rasa rayuka. Ya yi abin da ake so, ya bar inda ya ƙi shi, sai dai inda ya je bai karɓe shi ba.

Duk da haka, in ka bi tarihin jiragen da mai ya ƙare musu a sama, sau da yawa matsalar ba rashin ɗaukar mai ba ce. Mutane ne da suka taso da isasshen mai suka ƙone shi suna jira. A ranar 18 ga Satumba 1994, jirgin Oriental Airlines ɗauke da 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale ta Owerri, suna dawowa daga wasa a Tunis, ya zo zai yada zango a Tamanrasset ta kudancin Aljeriya. Gani ya yi ƙaranci. Suka kewaya fiye da awa guda, suka gwada sauka sau da dama, har man ya ƙare. Mutum biyar suka rasu, biyu daga ciki 'yan wasa. Tamanrasset irin filin nan ne da ke tsakiyar hamada ba maƙwabci kusa. Ga irinsa ICAO ta ce jirgin jet ya iso da man tafiyar awa biyu a hannu, sannan a sa wata gaɓa a hanya wadda ba za a wuce ta ba sai an tabbatar za a iya sauka, domin bayanta babu komawa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne jirgin Avianca mai lamba 52, Boeing 707 da ya taso daga Medelin ta Kolambiya zuwa Niyu Yok a ranar 25 ga Janairu 1990. Ya ɗauko mai fiye da abin da tafiyar ke buƙata. Filin ko-ta-kwanarsa Bostan ne, kimanin kilomita 300 daga Niyu Yok. Yanayi ya ɓaci a gaɓar tekun baki ɗaya, jirage suka yi cincirindo, aka sa shi shawagin jira sau uku, jimilla minti 77. A kowane zagaye ana ba su lokacin da ake sa ran sallamarsu, lokacin ya zo a ƙara musu wani. Sun tambayi labarin Bostan, amma ba su juya ba. Ko da aka sake tambayarsu wane fili ne madadinsu, sai suka ce Bostan ne, amma yanzu ba za su iya kaiwa ba. A cikin wannan jiran suka shanye ruwan da zai kai su rijiya ta gaba, ba tare da wani ya tsaya ya ce ga mintin da za mu tafi ba. Mataimakin matuƙi ya roƙi a ba su fifiko, bai furta kalmar gaggawa ba, masu hasumiya kuwa ba su ɗauki abin da zafin da ya kamata ba. Suka zo sauka iska ta tankaɗe su, suka fasa, kafin su zagayo injuna huɗun suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutum 73 cikin 158 suka rasu.

Wannan ne ya sa nake ba filin ko-ta-kwana rinjaye a kan rarar mai. Rarar mai tana da daɗin baki. Kullum tana ce maka ƙara minti biyar, ga titin nan, wanda ke gabanka ma ya sauka. Irin maganar dattijon nan ce, kuma zuciyar matuƙi ma tana faɗa masa haka, ga fasinjoji, ga kamfani da zai biya kuɗin otal, ga gida da iyali a ƙasa. Fili kuwa, in an ɗauke shi da gaske, yana zuwa da adadi: idan allura ta taɓa kilo kaza, an tafi. Shi ne ke mayar da mai daga abin jira zuwa abin tafiya. Kyaftin ɗinmu na ranar ya yanke wannan shawara tun yana Legas, a zaune, kansa a sanyaye, ba a sararin Kano da fitilar gargaɗi a gabansa ba.

Amma ba zan ɓoye inda rijiya ta ci amanar masu ita ba, domin akwai ranar da salka ce kaɗai ta rage. A ranar 18 ga Yuni 2013, jirage biyu ƙirar Boeing 737, na Qantas da na Virgin Australia, suka nufi Adeled ta Ostireliya da hasashen yanayi mai kyau. Suna hanya raɓa mai kauri ta rufe filin, abin da ba a yi hasashe ba. Suka karkata zuwa Mildura, wani ƙaramin gari da rahoto ya ce a buɗe yake. Suna isa ita ma ta rufe. Babu man zuwa wani wuri. Dole suka sauka a yanayin da ya gaza abin da doka ta yarda. Na Virgin sai da ya fasa sau ɗaya, a karo na biyu aka ce fasinjoji su duƙa su riƙe kai, ya taɓa ƙasa da kilo 535 kacal a tanki. Ba wanda ya ji rauni, amma abin da ya raba su da mutuwa shi ne ajiyar ƙarshen nan da doka ta hana taɓawa. Shekara guda kafin nan, a ranar 26 ga Yuli 2012, hadari ya rufe Madrid, jirage da yawa suka kwarara zuwa Balensiya a lokaci ɗaya, har uku na Ryanair suka yi kiran Mayday saboda mai. Kowa ya rubuta fili ɗaya, kowa ya lissafa man isa, ba a lissafa layin da za a tarar ba. A irin wannan rana guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

To me zai hana kowane jirgi ya cika tanki maƙil a huta? Nauyi. Mai da kansa sai an ƙona mai kafin a ɗauke shi. A kowace awa ta tafiya, kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na rarar da aka ɗauka yana tafiya ne wajen ɗaukar ta. A doguwar tafiya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sannan kowane jirgi yana da iyakar nauyin tashi da na sauka, kuma a zafin bazara irin na Kano ko Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, iska takan yi sirara, fiffike da inji su rage ƙarfi, sai an zaɓa tsakanin mai da kaya da mutane. Ga kuma tsada. A 2022 litar man jirgi a Nijeriya ta tashi daga wajen naira 190 zuwa 700 cikin 'yan watanni, har kamfanoni suka yi barazanar ajiye jiragensu a watan Mayu. A irin wannan hali ne jarabar zaɓar fili mafi kusa take ƙaruwa, domin kusancin ko-ta-kwana yana rage man da doka za ta tilasta a ɗauka. Nan ne biyun suke haɗuwa a aljihu ɗaya: wanda ya yi wa rijiya ha'inci, salkarsa ya rage.

Ƙarshen wannan hanya shi ne abin da ya faru da jirgin LaMia a ranar 28 ga Nuwamba 2016. Avro RJ85 ne, ɗauke da ƙungiyar ƙwallon Chapecoense ta Birazil, daga Santa Kurus ta Bolibiya zuwa Medelin don wasan ƙarshe na gasar Copa Sudamericana. A takardar tsarin tafiya an rubuta tsawon tafiya awa 4 da minti 22, an kuma rubuta iyakar abin da man zai ɗauka awa 4 da minti 22. Babu kason ko-ta-kwana, babu ajiyar ƙarshe, babu komai. An ambaci Bogota a matsayin madadi, suna kuma iya tsayawa can su sha mai, suka wuce. Fitilar ƙarancin mai ta kama fiye da rabin awa kafin faɗuwa, ba su sanar ba. Da suka iso aka sa su jira kaɗan saboda wani jirgi da ya nemi saukar gaggawa, 'yan mintunan nan suka ishe su. Suka faɗi kan dutse ƙasa da kilomita 20 daga titi, mutum 71 cikin 77 suka rasu. Kyaftin ɗin yana cikin masu kamfanin. Mutumin da zai biya kuɗin man shi ne mutumin da zai yanke yawansa, kuma ba wanda ya hana shi tashi, alhali da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Saboda haka in aka ce in auna, ga yadda nake gani. Ajiyar ƙarshe ba ta shiga ciniki, ba ma a sa ta a sikeli. Amma tsakanin ƙara tan ɗaya don shawagi da zaɓar fili mai nisa wanda da gaske yake wajen matsalar, a ƙasa irin tamu mai hazon da ke rufe jihohi goma a rana ɗaya, na fi son a kashe man a kan nisan fili. Kyaftin da ya rubuta Abuja ko ma komawa Legas a ranar hazo ya ɗauki mai da yawa shi ma, amma mai ne da ya san inda zai kai shi. Abin da nake roƙo ga hukumominmu bai wuce su sa rijiyoyin su zama masu ruwa ba: fitilun titi da ke kamawa da dare a Katsina da Sakkwato da Kaduna, na'urorin sauka da ake daidaitawa kafin hunturu ba a tsakiyarsa ba, rahoton hukumar hasashen yanayi ta NiMet da ke isa kunnen matuƙi da zarar gani ya sauya, da titi na biyu a Abuja, tun da ita ce mafakar kusan kowane jirgi da Arewa ta ƙi karɓa.

Mun sauka Abuja ana kiran magariba. Ta taga na ga wasu jirage biyu da su ma Kano ta koro, an jera su a gefe, tankar mai tana bin su ɗaya bayan ɗaya. A zauren jira wasu fasinjoji suka taru kan wani matashin ma'aikaci suna ɗaga murya, kamar shi ya turo ƙurar. Dattijon bai shiga cikinsu ba. Ya yi alwala, muka yi salla tare a wani lungu, sannan ya kira ɗansa a waya ya ce a gaya wa liman a ɗan jinkirta ɗaurin auren zuwa bayan azahar. Ya juyo ya ce mini, "Malam, kai ma kwana za ka yi?" Na ce, "Kwana zan yi, Baba." Washegari da hantsi aka kira mu. Hazon bai ɗaga duka ba, amma da muka gangaro na hango fitilun titin Kano jere cikin ƙura, muka sauka a gwajin farko.